Intabiyu a Kan Soron Suruki

Mas'udu ya ɗaure wayarsa a bakin gora da tsumman wani tsohon zane, ya ɗaga ta sama, yana zagaya filin firamaren Unguwar Gide kamar mai kakkaɓo mangwaro. In ya yi taku goma sai ya sauke gorar da sauri ya leƙa fuskar wayar. Ko sanda ɗaya ta sabis babu. Ya gwada bakin rijiya, ya gwada gindin tsamiya, ya hau tarin takin da ke bakin gonar maƙwabcinsa har ƙafarsa ta nutse zuwa idon sawu. Wayar nan ta yi mirsisi.

Ƙarfe tara da kwata ke nan, ranar Alhamis. Da sha ɗaya daidai wani kamfani na Kaduna, mai saka intanet a makarantu da asibitoci, zai kira shi ta bidiyo a yi masa intabiyu. Tun Litinin suka turo saƙon, amma saƙon ya yi ta gantali a sararin Allah, sai yau da hantsi ya faɗo, daidai lokacin da Mas'udu ke wanke ƙafa a bayan masallaci. Yana gama karantawa sabis ɗin ya kama gabansa.

Shekara shida da gama difilomarsa ta kwamfuta, shekara shida yana noman masara yana aika takardun neman aiki, kuma wannan ne karon farko da wani ya tanka masa. A duk ƙasar Ketare babu wanda ya kai shi sanin yadda saƙo ke tashi daga na'ura a ƙasar Sin ya sauka a wata na'ura a Legas, amma ga shi yau ya kasa aika ko "ina kwana" zuwa Ƙanƙara. Zuwa Ƙanƙarar ma, inda ake samun sabis, babu hali. Ruwan da aka yi da asuba ya cika rafin da ke tsakaninsu da titi, 'yan acaɓa sun jere a bakin gaɓa suna cin gyaɗa, sun ce sai bayan la'asar, in ya janye.

Ya koma gida yana jan gorar a ƙasa. Matarsa Hamida na wanke-wanke, ɗansu Yahya na goye a bayanta. A kan turmi kuwa ƙanwarta ce, Mansura, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya, ta miƙe ƙafa tana cin ɗanwaken da ba da ita aka dafa ba.

"Injiniya!" in ji ta. "An kamo shi, ko ya tsere?"

"Ke dai bari. Yau in ban samu sabis ba, ni da masara sai mutuwa."

"Yo kai ma da neman wahala. Ka hau soron Baba mana. Sanda huɗu cif, wallahi. Can nike kallon bidiyo in na hau shanya barkono. Amma fa sai kana tsaye. Kana zama zai ɗauke."

Hamida ta saki kwanon da ke hannunta cikin ruwa.

Baba shi ne Malam Ubale, mahaifin su Hamida, kuma soron da ake magana shi ne rufin ɗakin da yake kwana. Tun da Mas'udu ya auri 'yarsa shekara biyar da suka wuce, kalma ɗaya ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Ba faɗa ba ne, kunyar surukuta ce, kuma su biyun sun riƙe ta da haƙori. In Mas'udu ya hango shi a hanya sai ya faɗa gonar dawa. Akwai ranar da kunama ta harbe shi a cikin dawar, ya cije leɓe ya yi shiru har tsohon ya ɓace, sannan ya kurma ihu. Abin da ya ƙara dagula lissafi, Hamida 'yar fari ce. Malam Ubale bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ta, in ta kama dole ya ambace ta sai ya ce "waccan". Yanzu wai a kan ɗakin wannan mutumin za a je a tsaya ƙerere.

Mas'udu ya dubi agogon wayar. "To Mansura, yi wa Allah ki ruga ki gaya mashi."

"Ni? Ka taɓa ganin an yi haka? Ni ɗiyar cikinshi in je in tsaya gabanshi da maganar suruki? Sai dai in gaya wa Goggo, ita ta shigar."

Goggo Laraba yayar Malam Ubale ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar su Hamida, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya gaya masa magana kai-tsaye.

"To je ki gaya wa Goggon."

"Ba daga bakinka ba. Tambayar farko da za ta yi mani, wa ya aiko ki? In na ce kai ne, za ta ce ina matar taka, ko faɗa kuka yi? Kafin azahar an tara dangi. Ka gaya wa Yaya, Yaya ta gaya mani."

"Ga ki nan fa kina ji na!"

"Ban ji komai ba," in ji Mansura, ta kai lomar ɗanwake baki.

Mas'udu ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai. A aljihunsa akwai tsohon littafinsa na makaranta, wanda ya zaro da safe don ya yi bita, kuma shafin da ya ninke shi ne na tsarin OSI, wato hawa bakwai da saƙo ke bi kafin ya fita daga kwamfuta. Dokar tsarin ita ce kowane hawa da na kusa da shi kaɗai yake magana, ba a tsallake, kuma kowane hawa sai ya naɗe saƙon da nasa marfin kafin ya miƙa wa na gaba. Ya sha haddace wannan don cin jarrabawa, bai taɓa zaton zai same shi zaune a kan turmi yana cin ɗanwake ba.

"Wallahi gidanku kun fi kwamfuta bin ƙa'ida," ya ce. "Ita hawa bakwai gare ta."

"Mu huɗu ne kacal, ka gode wa Allah. Kai, Yaya, ni, Goggo. Yi sauri, lokacinka ne ke tafiya."

Ya juya ya fuskanci matarsa, ya tsara saƙon gajere yadda ba zai lalace a hanya ba. "A ba ni aron soro na minti talatin, daga ƙarfe sha ɗaya. Kuma in da hali, Baba ya ɗan fita waje a lokacin. Shi ke nan. Kada a ƙara komai."

Hamida ta goge hannu da zani, ta juya wajen ƙanwarta da ke taku biyu daga inda take. "Ki ce wa Goggo ina gaishe ta, ya ƙafar tata. Ki ce Baban Yahya na gaida Baba, yana neman gafara, ba rashin kunya ba ce, lalura ce. Ki ce ana son a ɗan taka soro, in babu damuwa. Kuma in Baba na da wata hidima a waje, kada ya fasa saboda mu."

"Ba haka na ce ba!"

"Haka ake cewa," in ji Hamida a hankali.

Abin da ya faru da saƙon bayan ya bar gidan, sai daga baya Mas'udu ya ji. Mansura ta ga maganar ta yi rama da yawa, ta ɗan sa mata kitse. Ta ce wa Goggo manyan mutane ne daga Kaduna za su yi magana da Injiniya ta waya, irin wayar da ake ganin mutum da duk abin da ke bayansa, kuma aikin har da mota. Motar ita ta ƙirƙiro ta a hanya, tsakanin gidan mai nama da rijiya. Goggo Laraba ta saurara, ta gyara ɗaurin kallabi. Da aka zo kan batun fita waje sai ta riƙe haɓa. "Ni in ce wa mai gida ya fita daga gidanshi? Allah ya tsare bakina." Ta yar da wannan a tsakar gida. Abin da ta shigar wa ƙanenta shi ne: manyan baƙi daga Kaduna za su leƙo gidansa ta cikin waya da ƙarfe sha ɗaya, su ga irin gidan da yaron nan ya yi aure, kafin su yanke shawarar ba shi aiki.

Malam Ubale ya ce, "To." Kalma ɗaya tak. Kafin ta bi ta Goggo, ta bi ta Mansura, ta bi ta Hamida, ta iso kunnen Mas'udu da goma da rabi, ta zama: Baba ya ce soro naka ne, gida naka ne, Allah ya ba da sa'a, kuma ya ji daɗi ƙwarai da aka tuna da shi. Mas'udu ya ɗan yi mamakin yawan maganar, amma ba shi da lokacin bincike.

Ya sa farar shat da kwat ɗin da ya yi bikin gama makaranta da shi, wanda yanzu maɓallinsa ba ya haɗuwa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ya bar wandon gona, tun da kyamara ba za ta kai can ba. Hamida ta raka su, shi da Mansura, har zauren gidan mahaifinta ta tsaya nan, don ba za ta shiga tsakar gida da mijinta a gaban uba ba. Mas'udu ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya shiga da zaton zai tarar da gida fayau.

Innalillahi! An share tsakar gidan tas, an yayyafa ruwa, turaren wuta na tashi. A tsakiyar fili, a kan kujerar roba da ke fuskantar soron, ga Malam Ubale zaune cikin babbar rigarsa ta Sallah, mai sitaci, da hula zanna. A gabansa an ajiye ƙwaryar fura da ludayi uku da farantin goro, na baƙi.

Gwiwoyin Mas'udu ba su nemi shawararsa ba, sai ganin kansa ya yi a tsugune.

"Goggo, a gaida Baba," ya ce da ƙasa.

"Malam, ana gaishe ka," in ji Goggo Laraba.

Malam Ubale ya kafa wa bangon maƙwabta ido. "A ce muna amsawa. A ce a hau."

Sai matsalar tsani. Ba a juya wa suruki baya, ba a kuma kallon fuskarsa. Mas'udu ya tsaya ya auna, sannan ya hau tsanin a kaikaice, kafaɗa ɗaya gaba, kai a sunkuye, waya a baki. Mansura ta riƙe tsanin tana dariyar da ba ta da sauti, har tsanin na rawa.

A sama jan barkono ne shanye wajen rabin rufin. Ya sami gefe ya tsuguna, ya duba wayar: babu komai. Ya ɗan ɗaga, sanda ɗaya ta leƙo. Ya rufe ido, ya nemi gafarar Allah, ya miƙe tsaye. Sanda huɗu! Rabonsa da ganin sanda huɗu tun wani zuwa da ya yi Funtuwa. Sai dai daga nan inda yake, in ya sauke ido kaɗan, tsakiyar hular surukinsa yake gani. Ya ɗaga kai ya kalli gajimare.

Da sha ɗaya daidai wayar ta yi ƙara. Mutum biyu suka bayyana, wata mata mai farin gilashi da ta ce sunanta Injiniya Ramatu, da wani mai ƙiba a gefenta yana shan shayi. Aka gaisa, rabi Turanci rabi Hausa. Matar ba ta da wasa. Ta ce ya jero mata hawa bakwai na OSI daga ƙasa zuwa sama, da aikin kowanne.

Abin da ya fi sani a duniya ke nan. "Hawa na ɗaya shi ne abin da ake iya taɓawa, wayar kebur, ko eriya da iskar da ke ɗauke da sigina. Na biyu yana haɗa na'ura da maƙwabciyarta, yana duba ko saƙo ya gurɓata a tsakani. Na uku shi ke da adireshi, shi ke zaɓar hanyar da..."

A ƙasa Malam Ubale ya yi gyaran murya. Shi dai so yake baƙi su san mai gida na nan. Amma shekara biyar jikin Mas'udu na koyon abu ɗaya game da wannan gyaran muryar, don haka ya zube. Hoton ya daskare, Injiniya Ramatu baki buɗe, mai shan shayin da kofi a leɓe.

Ya miƙe da sauri. Wayar ta yi ta juya wani ɗan zobe, sannan suka dawo.

"Kana ji na? Ka tsaya a na uku."

"Na huɗu, ranki ya daɗe, shi ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa, ya sa wa kowace lamba, ya tabbatar duk sun isa. In wata ta ɓata ya ce a sake turowa. Na biyar shi ke buɗe hira tsakanin na'ura biyu, ya riƙe ta, ya..."

Tsohon ya ɗaga hannu ya gyara wuyan rigarsa, sitacin ya yi ƙara. Mas'udu ya sake zubewa. Wannan karon da gwiwa ya sauka a kan barkono.

Da hoton ya dawo, matar ta cire gilashinta ta ajiye. "Malam Mas'udu, layinka na yankewa. Tun da aikin da kake nema ke nan, gaya mana, a wane hawa matsalar take?"

"Hawa na ɗaya ne, ranki ya daɗe."

"Madalla. Kebur ne ko eriya?"

"Gwiwa ce."

Mai shayi ya ƙware, ya yi ta tari. Ita kuwa ko murmushi. "Ban gane ba, kuma ba ni da lokacin ganewa. Mutum goma sha ɗaya ke jira bayanka. In ya ƙara yankewa sau ɗaya, za mu wuce na gaba. Ka ji?"

Ya ji, har cikin ƙashinsa. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san in suka wuce, wata shekara shidar ce. Ya nemi tsaka-tsaki: ya ɗan lanƙwasa gwiwa yadda ba za a ce yana tsaye a kan suruki ba, ya miƙa hannu sama da wayar iyakar ƙarfinsa. Sanda biyu. A haka ya ci gaba da bayanin hawa na shida, mai shirya saƙo da kulle shi, cinyoyinsa na karkarwa, yajin barkono na hawa hancinsa.

Da kunne ɗaya yana jin abin da ake yi a ƙasa.

"Yaya," in ji Malam Ubale, "mi ya samu yaron nan yake ta sama da ƙasa kamar guga? Kuma baƙin ina suke? Fura na tsami."

Goggo ta juya. "Mansura, mi ya same shi?"

Mansura ta daina dariya, don ita ma ta ji abin da matar ta ce. Ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Goggo, in ya tsuguna maganar katsewa take. Kuma duk motsin da Baba ya yi sai ya tsuguna. Sun ce in ta ƙara katsewa sun fasa. Tun farko ma cewa ya yi Baba ya ɗan fita, mu ne muka gyara."

Malam Ubale ya ji sarai, amma ya jira sai da maganar ta biyo hanya. Goggo ta rasa marfin da za ta sa wa wannan. "Malam," ta ce, "wai kunyarka ce ke katse masu magana."

Tsohon ya dubi ƙwaryar fura, ya dubi goron, ya dubi rigar da ya sa Goggo ta fito da ita daga ƙasan akwati. Kunya ta kama shi, irin ta mutumin da ya zo taimako ya tarar shi ne matsalar.

"A ce mashi ya tsaya da ƙafarshi."

Goggo ta gaya wa Mansura. Mansura ta ɗaga kai za ta yi kira, Goggo ta daka mata tsawa, ta ce ba a tsallake, ta bi ta wajen yayarta. Mansura ta ruga zaure ta gaya wa Hamida. Hamida ta ce ita ta ɗaga murya ta kira mijinta a gaban Baba? Gara ƙasa ta tsage ta shige. Saƙon ya maƙale a zaure.

A sama kuwa atishawa ta taso wa Mas'udu, ya danne ta, idanunsa suka kawo ruwa. Mai shayi na tambayarsa bambancin tsarin hawa bakwai da na hawa huɗu da intanet ke aiki da shi a zahiri. Yana cikin amsawa ya ga abin da ya fi tsoro: Malam Ubale ya miƙe tsaye. Suruki a tsaye! Gwiwoyin suka fara tafiya da kansu, sanda biyu ta koma ɗaya, fuskar Injiniya Ramatu ta fara rarrabewa.

Tsohon bai dubi sama ba. Ya tattare babbar rigar ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida da saurin da Goggo ta ce rabonta da ganinsa tun yana saurayi, ya nufi 'yar rumfar awakin da ke kusurwa. Ya sunkuya ya shige, ya jawo zanan da ke bakinta ya rufe. Awaki suka yi ta koke-koke. Daga ciki muryarsa ta fito.

"Yaya, na tafi Faskari. Duk wanda ya zo, ba ni nan."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Goggo, ko gezau.

Mas'udu ya miƙe sosai, ƙashin bayansa ya yi ƙara. Sanda huɗu. Ya saki atishawar da ya daɗe yana riƙo, ya ba da haƙuri, sannan bakinsa ya buɗe. Kai, ranar an ga karatu! Ya gaya musu dalilin da ya sa aka raba aikin hawa-hawa, don in an canza kebur zuwa eriya ba sai an sake rubuta manhajar da ke sama ba. Ya gaya musu amfanin ƙa'ida ɗaya da duniya ta yarda da ita, yadda na'urar da aka ƙera a gabas za ta fahimci wadda aka ƙera a yamma ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Suka ba shi misalin asibitin da kwamfutocinsa suka daina ganin juna, ya ce zai fara daga ƙasa, ya duba ko wani ya zare waya ya sa cajin tocila, kafin ya zargi manhaja. Mai shayi ya ce wallahi an taɓa yi musu haka. Har ya ɗauko zai ba su misali da gidan da yake tsaye a kansa, sai ya tuna mutumin Faskari na jin sa, ya haɗiye.

Injiniya Ramatu ta mayar da gilashinta, ta yi rubutu, ta yi ƙus-ƙus da abokin aikinta.

"Saura abu ɗaya," ta ce. "Aikin a Kaduna yake, farkon wata za a fara, kuma shekara biyu babu canjin wuri. Wanda muka ɗauka bara ya bar iyalinsa a gida, bayan wata biyu ya gudu ya koma. Ba ma son a maimaita. Za ka taso da iyalinka? Yanzu muke son amsa."

Shekara shida Mas'udu yana mafarkin wannan aikin, ko sau ɗaya mafarkin bai kai nan ba. Ya sauke ido. A bakin zaure ga gefen fuskar Hamida tana leƙe, da ƙafar Yahya na reto a bayanta. Tun da mahaifiyarta ta rasu, kullum ita ke dama kunun da tsohon ke karyawa da shi, ta aiko, shi kuma ya sha bai taɓa tambayar wa ya dama ba. Ɗauke 'yar mutum daga garinsu zuwa Kaduna ba maganar da ake yankewa a kan soro ba ce. Magana ce ta manya, ta mako guda, ta goro da aike da komowa. Kuma mai 'yar yana nan taku goma, a bayan zana, yana jin komai.

"Ranki ya daɗe, a ba ni minti ɗaya."

"Ɗaya," ta ce.

Goggo ta dubi Mansura, Mansura ta dubi zaure. Babu wanda ya san ta inda za a fara, kuma ko an fara, minti ɗaya ba zai kai saƙon ko hawa na biyu ba. Zufa ta jiƙa kwat ɗin. Mas'udu ya ji a ransa cewa a'a zai ce, kuma ya ji baƙin cikin abin tun kafin ya faɗa.

Sai wata akuya ta yi kuka a rumfa, murya ta biyo baya, a dake.

"Ke, jar akuyar nan. Ke nike wa magana, daina cin rigata. Ki gaya wa na sama ya ce eh."

Mansura ta toshe baki da mayafi.

"Ki ce mashi waccan ma ta je ta ga birni." Da muryar ta dawo ta rage ƙarfi. "Kuma ki ce mashi, in ya ga ta yi shiru da yawa, ba fushi ba ne, kewa ce. Haka take tun tana ƙarama. A riƙa jan ta da hira."

A bakin zaure fuskar Hamida ta ɓace.

"Malam Mas'udu?" in ji matar. "Mintinka ya cika."

"Eh, ranki ya daɗe. Za mu taso."

"To ka shirya. Takarda na zuwa."

Hoton ya ɗauke, wannan karon su suka kashe. Mas'udu ya daɗe tsaye da wayar a hannu, da barkono manne a gwiwar wandonsa. Ya sauko tsanin yadda kowa ke saukowa, tun da mai gidan ba ya gari. Mansura ta buɗe baki za ta yi guɗa, Goggo ta harare ta, ta mayar.

Goggo Laraba ta taka a hankali zuwa bakin rumfar. "Malam, fito haka nan. Baƙi sun tafi."

Sai jan hanci, wanda ba na akuya ba.

"Ban dawo ba tukuna, Yaya. Hanya ba kyau."

Goggo ta koma ta ɗauko ƙwaryar furar da ludayi ɗaya, ta ajiye a bakin zanan, ta yi wa sauran alama da hannu su fice daga tsakar gidan.